Bayan Kwana Nawa Ake Sauya Ruwan Tankin Murjani?



Yau za mu leƙa wata harka da ta fi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Japan da Ostareliya: mutum ya ajiye tankin gilashi a falonsa, ya cika shi da ruwan gishiri, ya riƙa kiwon murjani mai rai da 'yan kifayen teku masu launi. A tsakanin masu wannan kiwo akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato bayan kwana nawa ya kamata a sauya ruwan tankin. Wani ya ce duk mako, wani ya ce wata-wata, wani kuma ya bugi ƙirji ya ce shi ya yi shekaru rabonsa da ɗaukar bokiti, ga kuma murjaninsa yana ta bunƙasa.

Bari mu fara sanin abin da ake kiwon. Ido zai ce dutse ne ko tsiro, amma murjani dabba ce 'yar mitsitsiya mai taushin jiki, da baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana zaune cikin dubban 'yan uwanta, kowace tana tsotsar sinadarin kalsiyam da kabonet daga ruwa tana gina wa kanta gida mai tauri. Gida kan gida, ƙarni bayan ƙarni, har ya zama tsauni a ƙarƙashin teku. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji ta ƙasa suka hau jirgin ruwa daga Suwakin zuwa Jidda, ta tsakanin irin waɗannan tsaunuka suka ratsa Bahar Maliya, kuma tsofaffin gidajen garuruwan nan biyu da dutsen murjani aka gina su. A cikin naman dabbar akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta samar da abinci ta ciyar da mai masaukinta. Idan zafi ya yi yawa, ko yanayin ruwa ya sauya farat ɗaya, sai murjani ya kori baƙuwar tasa ya yi fari fat. Idan halin ya daɗe, yunwa ta kashe shi.

Abin da ya sa wannan dabba ba ta da haƙuri da sauyi shi ne a gidanta na asali ba ta saba da shi ba. A galibin tekunan duniya lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kalsiyam wajen miligiram 420, magnisiyam kusan 1,300, kuma haka abin yake bana, haka yake bara. Ruwan da ke kan tsaunukan murjani garau yake, dattin abinci a cikinsa kaɗan ne ƙwarai, igiyar ruwa kuma tana kawo sabo tana tafiya da tsoho ba dare ba rana. To sai ga ɗan Adam ya ɗebo reshe guda daga wannan daula, ya kulle shi cikin lita 200 ko 300 tsakanin gilasai huɗu.

Wannan matsala ta girmi duk wanda ke saurarona. A shekarar 1846 wata mata 'yar Birtaniya mai suna Anna Thynne ta ɗebo ƙananan murjani daga gaɓar garin Torquay ta kai su gidanta a Landan. Da farko tana sauya musu ruwa kwana ɗaya bayan ɗaya. Amma Landan ba a bakin teku take ba, ruwan kuma sai an yi dakonsa daga nesa. Sai ta sa wata yarinya mai yi mata aiki tana zuba tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga, tsawon rabin sa'a ko fiye, don iska ta shige shi, sannan a mayar. Da wannan dabara, da kuma ciyawar teku da ta ƙara daga baya, dabbobin suka rayu wajen shekara uku a hannunta. Tun ranar farko ke nan hanyoyi biyu suka bayyana: ko ka kawo sabon ruwa, ko ka san yadda za ka gyara tsohon. Duk gardamar da ake yi yau a kan waɗannan hanyoyi biyu take.

Me ke faruwa da ruwa a rufaffen tanki? Abu biyu ne a lokaci guda: wasu abubuwa suna taruwa, wasu suna ƙarewa. Kifi ya ci abinci ya fitar da amoniya, wadda guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ramukan duwatsu da yashi su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda ba shi da kaifin guba amma yana taruwa. Haka ma fosfet da ke shigowa cikin abincin kifi. Idan suka yi yawa sai gansakuka mai gashi ta mamaye duwatsu, launin murjani ya koma ruwan ƙasa, gininsa ya ja baya. Wasu nau'o'in murjani masu taushi ma suna sakin sinadarai cikin ruwa don su hana maƙwabtansu girma, abin da a teku igiyar ruwa za ta wanke, a tanki kuwa yana nan yana zagayawa. A ɗaya gefen, duk reshen da murjani ya ƙara, daga cikin ruwan nan ya ciro kalsiyam da kabonet ɗin da ya gina shi, ruwan kuma bai da inda zai samo madadinsu.

Shawarar da aka fi ba sabon shiga ita ce ya sauya kashi 10 cikin 100 duk mako, ko kashi 20 duk mako biyu. Shawara ce mai kyau, ni ma ita zan ba kowa. Amma ina so mu tsaya mu yi lissafi, don a nan ne mutane da yawa suke ɗora wa bokiti nauyin da ya fi ƙarfinsa.

A ce tankinka yana ƙara miligiram 5 na naitiret a kowace lita duk mako, kai kuma kana sauya kashi 10 cikin 100 duk Asabar ba fashi. Za ka ɗauka ka tsare gida. To makon farko ka cire rabin miligiram ne kawai daga cikin 5. Mako na biyu sabon 5 ya hau kan ragowar. Haka zai yi ta hawa, ba zai tsaya ba sai ya kai wajen 50, don sai a nan ne kashi 10 da kake zubarwa zai yi daidai da 5 da ke shigowa. Ko ka ninka aikin ka koma kashi 20 duk mako, a wajen 25 zai tsaya. Masu kiwon murjani mai laulayi kuwa yawanci ƙasa da 10 suke nema. Ka ga wanda ya cika tanki da kifi, yana kuma watsa abinci kamar ba gobe, ba zai wanke laifinsa da bokiti ba. Ruwa ba ya tsami banza: a je a duba yawan kifin, a duba hannun mai ba da abinci, a duba na'urar kumfa mai tsame datti ko tana aiki.

Haka lissafin yake ta wajen abin da ke ƙarewa. Ana auna ƙarfin kabonet na ruwa da wani ma'auni da Jamusawa suka fito da shi. Ruwan teku yana wajen 7, masu tanki kuma suna riƙe nasu tsakanin 7 da 11. A ce naka ya faɗo daga 8 zuwa 6, ka sauya kashi 10 cikin 100 da sabon ruwa mai 8. Abin da za ka samu 6.2 ne kacal. Tankin da ya cika da murjani mai rassa, irin wanda ake kira Acropora, yana iya shanye maki guda ko fiye a yini ɗaya. Wane bokiti ne zai cim ma wannan? Dole sai an riƙa ɗiga masa kalsiyam da kabonet daban, kullum.

Sai tambayar da ta fi yawo: a yi kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko a tara a yi babba sau ɗaya? Idan lissafi tsagwaronsa za a bi, babban ya ɗan fi. Kashi 10 sau huɗu yana fitar da wajen kashi 34 na tsohon ruwa, don kowane zubi yana tafiya da wani ɓangare na sabon da ka zuba a baya, alhali kashi 40 a tashi ɗaya 40 ɗin yake fitarwa cif. Masu sa na'ura tana sauya kashi 1 cikin 100 kullum kuwa suna samun wajen kashi 26 a wata. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da lissafin bai nuna ba shi ne halin da dabbar ke shiga. Sabon ruwa ba ya taɓa zama daidai da tsohon ɗari bisa ɗari, ko a zafi, ko a gishiri, ko a kabonet. Idan kashi 10 ka zuba, bambancin ya narke cikin sauran 90, murjani bai ma san an yi ba. Idan rabin tanki ka juye, ka yi masa juyin mulki a cikin minti goma. Shi ya sa na tsaya a kan kaɗan-kaɗan a kai a kai. Babban sauyi na ranar gobara ne: wani abu ya mutu ya ruɓe a bayan duwatsu, ko guba ta faɗa ruwa, ko an yi kuskuren zuba magani fiye da kima. A irin wannan rana kam a juye da yawa, don abin da ke cikin ruwan ya fi girgizar hatsari.

Ina jan hankalin 'yan uwa masu kiwon tarwada da ke saurare, waɗanda suka saba buɗe famfo su zubar da ruwan kwatami kusan duka su cika da sabo. Tarwada tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, tana jure ruwan da zai kashe yawancin kifaye. Wannan dabara daidai take a wurinta, amma ba ta ƙetarewa zuwa tankin murjani.

Akwai kuskure guda da ke kashe tankuna da yawa a watannin farko, shi ne rikita ciko da sauyi. Kullum ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa ba ya tashi. Duk macen da ta bar miya a wuta ta tsotse ta san yadda gishirinta ke fitowa, kuma ta san ruwa zalla ake ƙarawa. To haka ne a nan. Abin da ya tsotse da ruwa marar gishiri ake cike shi, kullum. Abin da ka zuƙe da tiyo ka zubar kuwa, shi ake mayarwa da ruwan gishiri. Wanda ya cike gurbin tururi da ruwan gishiri, a hankali zai mayar da tankinsa kwatamin jiƙa fata. Wanda kuma yake ciko kullum yana cewa ai ina sauya ruwa, bai fitar da ko ƙwayar datti ɗaya ba.

Yanzu mu zo ga masu cewa sun daina sauya ruwa. Ba ƙarya suke yi ba, kuma suna da tarihi a bayansu. A 1961 wani mutum a Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya bayyana yadda yake riƙe tanki da duwatsu masu rai daga teku da kumfar iska kawai, halittun da ke jikin duwatsun su ne matatarsa. A shekarun 1970 masu sha'awar abin a Jamus, tare da rubuce-rubucen Peter Wilkens, suka haɗa duwatsu masu rai da na'urar kumfa da haske mai ƙarfi da ɗiga ruwan farar ƙasa, tsarin da har yau ake kira da sunan birnin Balin. A can ne Dietrich Stüber ya raya Acropora a gida a farkon shekarun 1980, lokacin da masana da dama ke ganin abin ba zai yiwu ba. A Amurka Walter Adey na cibiyar Smithsonian ya yi amfani da gonar gansakuka don ta tsotse datti, a Monako kuma Jean Jaubert ya bar wani fili a ƙarƙashin yashi mai kauri inda bakteriya ke mayar da naitiret iska ta fice. A 1994 Hans-Werner Balling ya wallafa hanyar ɗiga kalsiyam da kabonet daban-daban bisa awo. Daga baya kamfanin Triton na birnin Düsseldorf ya zo da tsarin da za ka aika ɗan ruwan tankinka ɗakin gwaji, a auna maka sinadarai fiye da 30, a ce maka ga abin da ya ragu ga abin da ya yi yawa.

Duba dai abin da waɗannan mutane suka yi. Kowannensu ya ɗauki aiki ɗaya daga cikin ayyukan da sauyin ruwa ke yi, ya nemo masa wata hanya. Mai cewa ya ajiye bokiti yana da ƙaramin tanki na biyu a ƙasa inda ciyawar teku ke girma yana yankewa, yana da famfunan ɗiga sinadarai, yana da gawayin tace ruwa, yana biyan kuɗin gwaji a kai a kai, kuma ya shekara da shekaru yana karantar dabbobinsa har yana gane damuwarsu daga yadda suka buɗe da safe. Ranar da gwaji ya nuna masa tagulla ko kuza ko wani ƙarfe ya shiga ruwa daga famfon da ya yi tsatsa, shi ma bokitin yake komawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne sabon shiga ya ga hoton irin wannan tanki a YouTube, ya ɗauki rabin maganar, wato daina sauya ruwa, ya bar ɗaya rabin. Wata shida ba za su cika ba sai ka ga gilashi ya yi kore, rassa sun yi fari. Akwai kuma abubuwan da ke taruwa a ruwa waɗanda babu kayan awon gida da ke ganinsu. Sauyin ruwa ba ya buƙatar ka san sunan matsala kafin ya rage ta, kuma a wurina wannan ita ce babbar hujjarsa.

Saboda haka idan aka tambaye ni bayan kwana nawa, amsata ita ce: fara da kashi 10 cikin 100 duk mako, ka riƙe shi tsawon shekarar farko, kana auna naitiret da fosfet da kabonet da gishiri kana rubutawa a littafi. Bayan nan littafin ne zai yi magana. Idan lambobi sun tsaya cik, dabbobi suna girma, kana iya ja zuwa mako biyu. Idan suna hawa, ka nemo dalili tukuna. Ƙaramin tanki na lita 40 ko 50 kuwa ba ya ɗaukar sakaci ko na mako guda, don kuskure kaɗan a cikinsa babba ne.

Shi kansa sabon ruwan sai an kula da shi, in ba haka ba garin gyaran gira a rasa ido. Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, sau da yawa da fosfet da naitiret, wani lokaci da tagulla daga bututu, tagulla kuwa ko 'yar kaɗan ce tana kashe murjani da jatan lande. Sai an bi da shi ta matatar da ke cire komai. Gishirin girki ma ba ya yi, don shi wajen kashi 85 cikin 100 ne kawai na gishirin teku, ragowar 15 ɗin nan kuwa, wato magnisiyam da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, a cikinsu rayuwar murjani take. Gishiri na musamman ake saye. Tun 1854 Philip Henry Gosse ya wallafa yadda ake haɗa ruwan teku a gida, yau kuma hatta katafaren gidan kifi na birnin Atlanta da aka buɗe a 2005, da yake nesa da teku, haɗa nasa ruwan yake yi. A dama gishirin a wani mazubi daban, a bar famfo yana juya shi wasu sa'o'i ko ya kwana, a daidaita zafinsa da gishirinsa da na tanki, sannan a zuba a hankali. Kuma a san kuɗin tun kafin a fara: tankin lita 200 yana cin lita 20 duk mako, wato gishiri giram 700 ko ɗan fiye, sama da kilo 36 a shekara.

Wani zai ce, duk wannan wahala don adon falo? Ilimin da aka tara a waɗannan tankuna ya wuce ado. Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in nau'o'in halittun teku suna dogara da su. A 2013 gidan tarihi na Horniman da ke Landan ya sa murjani ya saki ƙwai a tanki ta hanyar kwaikwayon zafin ruwa da hasken rana da na wata. A 2019 gidan kifi na Fulorida ya yi haka da wani nau'in murjanin tekun Atilantika da cuta ta kusa ƙarar da shi a yankin. A watan Yulin 2023, da zafin ruwa ya haura digiri 38 a wani lungun gaɓar Fulorida, masana sun yi ta kwashe dubban rassa daga teku suna kai su tankuna a tudu har zafin ya wuce. Waɗannan rassa sun rayu ne saboda akwai mutanen da suka iya riƙe ruwa a yanayi ɗaya, kuma wani kaso mai yawa na wannan iyawa a falukan masu sha'awa aka koye shi.

Ga wanda ya gani a otal ko a tafiya, ransa ya biya ya kafa irinsa a Kano ko Abuja ko Yamai, ina roƙonsa ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya fitar da kuɗi. Yana da wutar da ba ta ɗaukewa? Idan famfo ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i iskar ruwan take ƙarewa. Yana da abin da zai riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27 a watan Afrilu? Kuma zai iya ɗaukar bokitin nan kowane mako, ko yana cikin nishaɗi ko ba ya ciki? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, don Allah ya bar dabbobin nan inda suke. Idan kuwa duka e ce, ya sayi reshen da aka raya a tanki maimakon wanda aka fasa daga teku, kuma ya sayi kayan awo da littafin rubutu tun kafin ya sayi kifin farko.